Mu Bi Fakiti Ɗaya Daga Kwamfutarka Zuwa Inda Za Shi

Barkanmu da warhaka, ɗalibai da duk mai sha'awar ilimin kwamfuta.

A daren 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline ya zauna gaban kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, zai aika kalmar LOGIN zuwa wata kwamfuta a Cibiyar Bincike ta Stanford, tazarar sama da kilomita 500. Ya buga L, ta isa. Ya buga O, ita ma ta isa. Kafin a kammala kalmar, sai na'urar da ke can ta tsaya cak. Saƙon farko da ya bi ta ARPANET, kakar intanet ɗin da muke amfani da ita yau, haruffa biyu ne kacal.

Na fara da wannan labari ne domin kusan duk abin da za a koya maka a kwas ɗin netwok amsa ce ga matsala ɗaya: saƙo yana iya maƙalewa a hanya, to yaya za a yi ya isa duk da haka?

A makon farko, malami zai zana maka a allo matakai bakwai na OSI, tsarin da ke raba aikin netwok hawa-hawa, wanda ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ta fitar a 1984. Ɗalibai da yawa a nan suke ɓata, su haddace sunayen bakwai ɗin tsaf, su ci jarrabawa, amma idan netwok ya ɗauke ba su san inda za su fara dubawa ba. A ganina ya kamata ka ajiye haddar tukuna. Zo mu bi saƙo ɗaya mu ga abin da yake tararwa a hanya.

Ka buɗe burauza, ka rubuta sunan wani shafi. Kwamfutarka ba ta aiki da suna, lamba take nema, wato adireshin IP. Don haka abu na farko da za ta yi shi ne tambayar DNS, tsarin da ke mayar da suna lamba. A da, fayil guda ɗaya ne ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutocin da ke ARPANET, kowa sai ya kwafo shi. Da yawansu ya ƙaru, abin ya gagara. Paul Mockapetris ne ya tsara DNS a 1983, ya rarraba aikin mataki-mataki, ta yadda babu na'urar da sai ta san komai, kowace ta san wanda za ta tura ka gare shi.

An samu lamba. Yanzu sai gaisuwa. Kwamfutarka ta aika SYN, ma'ana ina son magana da kai. Saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta amsa da SYN-ACK, na ji, ni ma a shirye nake. Taka ta ce ACK, to mu fara. Sau uku ke nan, kuma sai bayan su ne ainihin buƙatarka za ta tashi.

Ga inda nake so mu daɗe.

Shafin ba ya zuwa a dunƙule. Yanyanka shi ake yi ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti, kuma a kan Ethernet, tsarin haɗa kwamfutoci da waya, yawanci ba ya wuce bayit 1,500 (bayit ma'aunin bayanai ne, ɗaya daidai yake da bit 8, kuma kowane bit 0 ne ko 1). Wannan dabara mutum biyu ne suka gano ta, kowa da kansa, a shekarun 1960: Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kuma Davies ne ya raɗa wa yankin suna fakiti. Kafin su, tsarin tarho ake da shi, inda ake keɓe muku layi guda tun daga farkon hira har ƙarshe, ko kuna magana ko kun yi shiru. Da fakiti kuwa, dubban mutane suna raba waya ɗaya, kowa na jefa nasa idan ya samu sarari.

Kowane fakiti na ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Ya isa ga rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, ita kuma ta duba jadawalin hanyoyinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba. Ba ta damu da sanin dukkan hanyar ba, taki ɗaya kawai ta sani. Akwai kuma wata 'yar lamba a jikin fakitin, TTL, da kowace rauta ke rage mata ɗaya. Idan ta kai sifili, a jefar da shi, don kada ya yi ta zagaye har abada.

To ka saurara da kyau, domin wannan ita ce zuciyar kwas ɗin. IP, ƙa'idar da ke kai fakiti ta bin adireshi, ba ta yi maka alkawarin komai ba. Fakiti na iya ɓacewa. Na biyar na iya riga na uku isa. Ɗaya na iya zuwa sau biyu. Idan rauta ta cika maƙil, zubar da abin da ya shigo take yi, ba ta kuma ba kowa haƙuri. Da gangan aka tsara ta haka, aka bar tsakiyar netwok da aiki mai sauƙi, aka ɗora nauyin tabbatar da isar saƙo a kan na'urori biyun da ke bakin hanya. Aikin TCP ke nan. Tana sa wa bayanan lamba a jere, mai karɓa yana shaida abin da ya iso, abin da ba a shaida ba a sake aiko shi, sannan a jera komai yadda yake tun asali. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa wannan tsari a 1974, kuma ranar 1 ga Janairu, 1983 ARPANET ta koma kansa gaba ɗaya.

Ko TCP ɗin ma sai da ta koyi darasi. A watan Oktoban 1986, cunkoso ya durƙusar da netwok, har saurin da ke tsakanin Ɗakin Bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke maƙwabtaka da juna, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Dalili? Fakiti na ɓacewa saboda cunkoso, kowa na sake aikawa, cunkoson na ƙaruwa. Maganin da Van Jacobson ya kawo shi ne mai aikawa ya fara a hankali, ya riƙa ƙara sauri, da zarar ya ga alamar ɓacewa ya ja baya. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan babi ne nake roƙonka kada ka tsallake shi, ko da lissafinsa ya ɗan yi maka nauyi.

Ba kowane saƙo ke son wannan kulawar ba. A kiran murya, kalmar da ta makara ba ta da amfani, gara a wuce ta. Shi ya sa ake da UDP, wadda ke aikawa ba ta waiwaye.

Yanzu koma ga matakan nan na allo, za ka ga yawancinsu sun zama abin da ka riga ka sani. Waya ko iska na ɗaukar sigina. Ethernet ko Wi-Fi na kai saƙo ga na'urar da ke kusa. IP na tsallakar da shi daga netwok zuwa netwok. TCP na tabbatar da ya cika. HTTP, yaren da burauza ke yi da saba, na faɗin abin da ake nema. Kowane mataki aikinsa kawai ya sani, shi ya sa da Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, a 1989, bai buƙaci a sauya rauta ko ɗaya ba.

Sai lissafin adireshi, wanda ke tsorata mutane a banza. Adireshin IPv4, wato tsohon samfurin IP, bit 32 ne, wato adireshi kusan biliyan 4.3, kuma babban rumbunsu ya ƙare a Fabrairun 2011, shi ya sa ake komawa IPv6 mai bit 128. Idan ka ga 192.168.1.0/24, ana nufin bit 24 na netwok ne, 8 suka rage wa na'urori. Adireshi 256 ke nan, a cire na farko da na ƙarshe, saura 254. Ɗauki biro da takarda ka yi irinsa da /25 da /26 har hannunka ya saba.

Gani ya kori ji. Yau ɗin nan, buɗe tagar umarni a kwamfutarka ka rubuta traceroute, ko tracert idan Windows ce, sannan sunan wani shafi. Kowane layi da ya fito rauta ce da fakitinka ya bi ta kanta, kuma da wannan TTL ɗin da muka ambata ake gano su ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da inda lokacin ya yi tsalle, sau da yawa a nan ne saƙon ya yi doguwar tafiya, domin ko haske a cikin zaren gilashi kimanin kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa. Daga nan ka sauke Wireshark, manhajar da ke nuna fakitocin da ke shiga da fita, ka kunna shi a kan netwok ɗinka, ka buɗe shafi ɗaya, ka nemo layuka ukun nan: SYN, SYN-ACK, ACK.