Rigar ɗaurin aure: daga Kasuwar Dole zuwa gaban tela

Assalamu alaikum, ƴan'uwa na Damagaram. An sa rana, an raba goro, saura maganar abin da za ka sa. Kafin ka hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, tsaya mu yi magana.

Da farko, wane ne kai a wannan biki? In kai ne ango, ko waliyyi, ko wakili mai karɓar aure, babbar riga ce taka, da ƴar ciki da wando, wanda zai ci maka kusan mita 10 na shadda. In abokin ango ne kai, kaftani da wando sun wadatar, mita 5 ko ƙasa da haka. Kada aikin wuyanka ya fi na ango, ranar tasa ce.

To, shadda. A kasuwa za ka ga iri biyu. Daga nesa duk suna ƙyalli, amma ɗaya auduga ce zalla, ɗayar kuwa an cakuɗa ta da roba. Gezna da ake ta yabo sunan kamfanin Getzner ne na ƙasar Ostiriya, kuma saboda sunan ya yi tashe, jabunta ta cika kasuwa. Nemi mai shago ya ba ka ɗan zare daga bakin yadin, ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci ta koma toka mai laushi, da wari irin na takardar da ta ƙone. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Wannan ba maganar kwalliya kaɗai ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma mai roba ba ta shan gumi, sai ka ji kamar an naɗe ka a leda tun ba a shafa fatiha ba. Bikin bazara, ɗauki auduga mai haske: fara, ruwan madara ko sararin samaniya. Galila mai nauyi da rini mai duhu, bar wa lokacin hunturu.

Yanzu ga wurin da na fi so ka saurare ni da kyau. Na sha ganin shadda mai tsada ta lalace a hannun telan da aka matsa wa lamba. Riga a ɗinki take. Kai yadinka aƙalla sati uku kafin ranar, in kuma bikin ya faɗo dab da azumi ko Salla, ƙara a kan haka, domin a lokacin kowane tela kaya sun yi masa yawa. Je da kanka a gwada ka, kada ka aika tsohuwar riga a auna da ita. In an gama, sa ta a nan shagon. Ɗaga hannu, ka naɗe hannun rigar bisa kafaɗa, ka ga ko tana zama ko zamewa take. Sannan ka zauna a ƙasa, ka tanƙwashe ƙafa kamar yadda za ka yi a kan tabarma a ƙofar gidan amarya. Wandon da ya matse ka a nan, can ma zai matse ka. Bakin riga kuma ya tsaya sama da idon sawu, kada ya share rairayin unguwar Birni.

Aikin gaban riga, aska biyu ko aska takwas, in na hannu ne yana iya ɗaukar watanni, shi ya sa yake da daraja. In lokaci ya ƙure, na keke ma yana kyau, muddin zaren bai tattare shaddar ba. Juya rigar ka duba cikinta, a nan ake gane hannun gwani.

Hula, zanna ce ko kube, ta bi launin zaren aikin. Rawani kuwa a bar wa masu sarauta da malamai da waɗanda suka gada.

Takalmi, ba sai ka nemi na waje ba, dukawan Damagaram sun san fata. Zaɓi wanda ba shi da igiya, don za ka cire shi a bakin tabarma, ka sake cirewa wajen gaida surukai. Kuma ka taka shi kwana biyu-uku a gida kafin ranar, don ya saki.