Me ya mayar da Ɗanjuma bayan Zubairu?

Ku dubi wannan jerin sunayen da wata manhaja ta jera. Abubakar, Bala, Dauda... mu yi ƙasa... Zubairu. Sai ga Ɗanjuma can a ƙarshe, kamar wanda ya makara sallar Idi. Mutane na ta cewa manhajar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Bari mu ɗan koma baya. A 1979, wani masani mai suna José Morais da abokan aikinsa suka yi wa wasu manya gwaji a Fotugal: cire sautin farko na kalma, ka faɗi abin da ya rage. Waɗanda suka koyi karatu suka iya, waɗanda ba su koya ba galibi abin ya gagare su. Ba wai ba su da basira ba ne. Kunne gaɓa yake kamawa, ƙa-sa. Karatu ne ya koya mana yanka magana harafi-harafi, da jera haruffan A, B, C, har muka ɗauka haka aka halicce ta.

Da wannan tunanin aka ƙera kwamfuta. To, nan ne ake ruɗewa, ku natsu.

Kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani. A ASCII, tsarin ba kowane harafi lamba da aka fitar a Amurka a 1963, A lambarsa 65, D 68, Z 90. Gurbi 128 ne kacal, babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Da Unicode ya zo, tsarin da ya haɗa haruffan harsunan duniya, wanda ya fara fita a 1991, namu suka samu wurin zama, amma can ƙuryar ɗaki. Ɗ lambarsa 394.

Ga su nan a allo. Idonka na ganin D da Ɗ wa da ƙane, ƙugiya ce kawai ta raba su. Ita kuwa 68 take gani da 394, ba dangin iya ba na baba. Da ta tashi jerawa, 90 ta riga 394, shi ke nan.

Haka k da ƙ, 107 da 409. Ka rubuta "kasa" kana neman "ƙasa", sai manhajar ta kasa. Ni kam wannan ya sha ba ni haushi.

Akwai manhajojin da aka koya wa jerin Hausa, Ɗ na bin D. Wannan da ke gabanmu ba a koya mata ba. Ɗanjuma, sai haƙuri, tsaya bayan Zubairu tukuna.