Indefinite ba ta nufin har abada

Ku dubi wannan takardar. Na toshe sunan makarantar da na yaron, kada ku wahalar da kanku. Gwaggona ce ta turo min ita a WhatsApp da sassafe, haɗe da saƙon murya na minti huɗu, rabinsa kuka. Wai an kori ɗanta daga makaranta, shi da karatu sai a lahira. Da na buɗe sai na ga kalmomi biyu: indefinite suspension. Na kira ta na ce, "Gwaggo, ki share hawayenki, ba kora ba ce."

To bari mu fara kawar da kalmomin Turanci masu sauƙin. Permanent, dindindin ke nan. Ga ta nan a jikin katin zaɓenku, ita ce harafin farko na PVC. Temporary, wucin gadi. Interim, riƙon ƙwarya, irin gwamnatin Ernest Shonekan ta 1993 da ba ta cika wata uku ba. Acting, muƙaddashi. Ko permanent ɗin ma ku riƙe ta da hankali. Permanent secretary yana yin ritaya kamar kowa. Abin da ake nufi kawai shi ne ministoci su zo su tafi, shi yana nan a ma'aikata.

Yanzu ga wadda ta tara mu, indefinite. Ku raba ta biyu. Definite, abin da aka tsayar, aka yanke masa iyaka. Wannan in ɗin da ke gabanta kuma korewa yake yi. Idan ka haɗa, ma'anar ita ce ba a sa rana ba. Ku lura, ba a ce ranar ba za ta zo ba. An dai ƙi faɗar ta, ko kuma su kansu masu sanarwar ba su san ta ba.

Wadda ke rikita mu ita ce ƴar'uwarta, infinite. Ga su nan a jere, haruffa biyu ne tsakaninsu, kuma tushensu ɗaya, kalmar Latin da ke nufin iyaka. Infinite ita ce marar ƙarshe. Ita kuwa indefinite kamar gonar gado ce da ba a riga an raba ba. Kowa ya san rabonsa zai tsaya a wani wuri, turken ne dai ba a kafa ba tukuna.

Abin da ke ba ni dariya shi ne Hausa ta riga ta gama da wannan magana. Kullum muna ji a rediyo: yajin aikin sai baba ta gani. Babu wanda ya san yaushe baba za ta gani, amma ai ba a ce baba makauniya ba ce.

Ku biyo ni mu duba kalanda. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin gargaɗi na mako huɗu. Wannan mai wa'adi ne. Wa'adi ya cika aka ƙara, ya sake cika aka sake ƙarawa, har ƙarshen Agusta. A nan ne suka ce ya zama indefinite, ɗalibai suka ɗora hannu a ka. Ranar 14 ga Oktoba aka dakatar da shi. Ku ƙirga da kanku. Mai wa'adin ya ci sama da wata shida, na sai baba ta ganin kuma wata ɗaya da rabi.

Haka Twitter. A Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da ita, kuma kalmar da ta yi amfani da ita a sanarwar ita ce indefinitely. Masu VPN kun tuna lokacin. Ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe.

Sai dai kada wani ya ce na ce kalmar alheri ce. A ganina ta fi mai wa'adi cin rai. Wanda aka ce masa mako biyu yana ƙirga kwanaki, ya san ranar da zai goge kayan makaranta. Wanda aka ce masa indefinite ba shi da abin ƙirgawa. Yana iya zama kwana goma, yana iya zama shekara, kuma igiyar tana hannun wanda ya rubuta takardar.

Saura suspension. Asalinta ratayewa ne, kamar yadda na rataye rigar nan a ƙusa. Tana nan, ba a jefar da ita ba. Da kora suke nufi da expulsion za su rubuta. Shi ya sa ma idan kun ji an ce ƙungiya ta yi suspending ɗin yajin aiki, to rataye shi ta yi, tana iya sauko da shi.

Mu koma kan takardar gwaggo. Ku ga layin ƙarshe, wanda kuka ya hana a karanta. An ce yaro ya zo da mahaifi ko mai kula da shi gaban kwamitin ladabtarwa ranar Litinin. Ni aka tura.