Ragowar Bama-baman Yaƙi a Laos: A Wuyan Wa Kuɗin Kwashewa Ya Rataya?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malam shugaban wannan zama, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da yamma. An nemi in yi magana a kan bama-baman da ake bari a ƙasa bayan an gama yaƙi, waɗanda aka jefa ba su tashi ba, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin kwashe su. Zan kafa maganata a kan ƙasar Laos, domin a can ne wannan tambaya ta fi fitowa fili, sannan in kawo wasu ƙasashe don mu ga yadda aka warware ta, ko aka kasa.

Laos ƙasa ce da ba ta da bakin teku a kudu maso gabashin Asiya, Vietnam na gabas da ita, Thailand na yamma. A 1962 manyan ƙasashe, har da Amurka, sun rattaba hannu a Geneva cewa Laos 'yar ba-ruwanmu ce. Amma Vietnam ta Arewa ta ci gaba da ratsa dazuzzukanta tana kai mayaƙa da makamai fagen yaƙi a Vietnam ta Kudu, ta hanyar da ake kira hanyar Ho Chi Minh, Amurka kuma ta mayar da martani ta sama. Daga 1964 zuwa 1973 jiragenta sun kai hari fiye da sau 580,000, suka sauke sama da tan miliyan 2 na bama-bamai. Idan aka raba wannan adadi a kan shekara tara, za a samu hari ɗaya kusan kowane minti takwas, dare da rana. Ba a taɓa shelanta yaƙi da Laos ba, kuma an daɗe ana ɓoye wa jama'ar Amurka abin da ake yi da sunansu.

Mafi munin abin da aka zuba shi ne bam mai 'ya'ya. Kwanso ne babba da jirgi ke saki, ya buɗe tun yana sama, ya watsa ɗaruruwan ƙananan bama-bamai a kan fili mai faɗi. Irin da ya fi yawa a Laos girmansa bai wuce lemon zaƙi ba, an cusa masa ƙwayoyin ƙarfe da ke tarwatsewa ta kowace fuska. An ƙera shi ne ta yadda sai ya yi ta juyawa a iska kafin kunamarsa ta ɗanu, saboda haka idan jirgin ya yi ƙasa da yawa, ko ɗan ya faɗa cikin taɓon gonar shinkafa, ko rassan itace suka tare shi, sai ya kwanta bai fashe ba. An kiyasta cewa an zuba irin waɗannan 'ya'ya miliyan 270, kusan kashi 30 cikin ɗari ba su tashi ba, wato kimanin miliyan 80 suka rage a ƙasa ranar da jirgin ƙarshe ya juya.

Binciken da hukumomin Laos suka yi ya nuna cewa daga 1964 zuwa 2008 mutum fiye da 50,000 ne bam ya kashe ko ya raunata, kuma kusan 20,000 daga cikinsu bayan an daina yaƙin abin ya same su. Ina so ku lura da yadda yake samun su. Manomi ya kafa fartanya a gonar da ya gada. Uwa ta hura wuta a tsakar gida don ta dafa abinci, zafin ya ratsa ƙasa ya taɓa abin da ke binne tun kafin a haife ta. Yaro ya tsinci wani dunƙulallen ƙarfe ya ɗauka abin wasa ne, ya jefa wa ƙaninsa. A lardin Xieng Khouang, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shan ruwan wuta, mutane sun mayar da kwanson bam ginshiƙin rumbu da kwamin dabbobi, wasu kuma suna narkar da sanholon da suka tsinta suna ƙera cokula suna sayarwa. Talauci ne ya tura da yawa neman ƙarafan gwangwan a daji, kuma wannan nema ya ci rayuka masu yawa. Bayan asarar rai akwai asarar ƙasa, domin gonar da ake tsoro ba a zurfafa mata garma, kuma ba a gina makaranta ko a haƙa rijiya sai an fara biyan kuɗin binciken filin.

Shi kansa aikin kwashewar ya kamata mu san yadda yake, don mu gane abin da ya sa yake cin kuɗi. Ana fara da tambayar dattawan ƙauye inda aka taɓa ganin bam ko aka yi hatsari, a haɗa da bayanan hare-haren da sojan Amurka suka ajiye. Sai a yanka filin gida-gida, a ja igiya, ma'aikaci ya bi layinsa da na'urar gano ƙarfe, taku bayan taku. Duk inda na'urar ta yi ƙara sai ya durƙusa ya fara tono daga gefe da ɗan ƙaramin cebur, yana share ƙasa da hannu, ba ya taɓa tonowa daga bisa. Sau da yawa ƙusa ce ko ɓallin ƙarfe, amma dole ya ɗauki kowace ƙara a matsayin bam har sai idonsa ya gani. Idan ɗan bam ne ba a ɗaga shi, ana kewaye shi da buhunan yashi, a ɗora masa nakiya, a yi shela da lasifika mutane da dabbobinsu su janye, sannan a tashe shi a inda yake. Mata da yawa suna cikin masu wannan aiki, kuma mafi yawan ma'aikatan 'ya'yan ƙauyukan ne. Ƙungiyar MAG ta Birtaniya, mai kwashe bama-bamai da nakiyoyi, ta fara aiki a Laos a 1994, gwamnati ta kafa hukumarta mai suna UXO Lao a 1996. Ku lissafa da kanku: fiye da shekara 20 manoman Laos suka yi suna kawar da bam da hannunsu kafin a fara aikin da tsari.

To, me doka ta ce game da biya? A nan ne abin ya fi damuna. Yarjejeniyar haramta bam mai 'ya'ya, wadda aka sa wa hannu a Oslo a 2008 ta fara aiki a 2010, ta ce a sashe na 4 ƙasar da ragowar bam ke cikinta ita ce za ta kwashe shi cikin shekara 10. Ƙasar da ta jefa kuwa, idan tana cikin yarjejeniyar, an dai ƙarfafa mata gwiwa ta taimaka, ba a wajabta mata ba. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 kan nakiyoyin da ake binnewa ita ma a kan mai ƙasa ta ɗora nauyin. Laos ta shiga yarjejeniyar Oslo tun farko, har a babban birninta Vientiane aka yi taron farko na ƙasashen da suka amince da ita a 2010. Amurka ba ta shiga ba har yau. Sakamakon haka, da wa'adin Laos na 2020 ya gabato, ita ce ta je gaban ƙasashen duniya tana bayanin dalilin jinkiri tana roƙon ƙarin lokaci, wanda ya zuba bama-baman kuwa babu wanda ya kira shi ya yi bayani.

Wani zai ce ai haka ake yi a Turai. Gaskiya ne, a Jamus har yau ana tono bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. A 2017 an kwashe mutum fiye da 60,000 daga gidajensu a Frankfurt saboda bam guda na Birtaniya, a 2010 kuma ma'aikata uku sun rasu a Göttingen suna shirin kwance wani. Jamus ba ta aika wa Birtaniya ko Amurka takardar neman biya. Gardamarsu ta cikin gida ce: gwamnatin tarayya tana biyan kuɗin kwashe makaman da tsohuwar rundunar Jamus ta bari, jihohi kuma su suka fi ɗaukar nauyin waɗanda abokan gaba suka jefo. Amma Jamus ita ta tayar da wancan yaƙi, kuma tana da arzikin da za ta biya. Manomin Xieng Khouang bai tayar da yaƙin kowa ba, kuma ƙasarsa tana cikin matalautan Asiya.

Akwai misalin da ya nuna cewa ana iya ɗora nauyin a inda ya dace. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda ta fara aiki a 1997, ta wajabta wa kowace ƙasa ta lalata makaman gubar da ta bari a ƙasar wani. A kan haka Japan ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin a 1999, kuma ita ke kawo kuɗi da ƙwararru da kayan aiki don tono da lalata abin da sojojinta suka bari a can, musamman a lardin Jilin. Aikin yana tafiyar hawainiya, Sin tana yawan ƙorafi a kai, amma ba wanda ke jayayya game da wanda ake bi bashi. Masar ta daɗe tana neman irin wannan daga Birtaniya da Jamus da Italiya kan nakiyoyin da suka binne a El Alamein lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta samu ba.

Ba zan ce Amurka ba ta ba da komai ba, domin hakan ba adalci ba ne. Ita ce ta fi kowa ba da kuɗin wannan aiki a Laos. A 2016 Barack Obama ya zama shugaban Amurka na farko da ya ziyarci ƙasar yana kan mulki, ya yi alkawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku, kuma masu jikkata sun ragu daga kusan 300 a shekara zuwa ƙasa da 50. Matsalar ita ce duk wannan kuɗi da sunan tallafi yake fitowa, kuma mai tallafi yana iya janye hannunsa ranar da ya ga dama. Mun ga haka a watan Janairun 2025, lokacin da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare na kwana 90, aka umarci ƙungiyoyin da take biya su tsayar da aiki nan take, ma'aikata suka naɗe igiyoyinsu suka bar gonakin da ba su gama ba. Daga baya an ba da izinin ci gaba, amma kowa ya ga cewa sa hannun mutum guda ya isa ya tsayar da aikin. Tun a 1973, sashe na 21 na yarjejeniyar Paris ta tsayar da yaƙin Vietnam ya ce Amurka za ta taimaka wajen warkar da raunukan yaƙi a duk yankin, amma dala biliyan 3.25 da Shugaba Nixon ya ambata wa Vietnam ta Arewa a wasiƙa ba a biya ba.

Masu adawa da ra'ayina suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Suna cewa Vietnam ta Arewa ita ma ta keta haddin Laos, kuma ba duk makamin da ke ƙasa ne na Amurka ba. Haka ne, sai dai makami yana ɗauke da shaidar wanda ya ƙera shi, kuma Amurka tana da rubutaccen lissafin ranakun hare-harenta da wurarensu, don haka raba wa kowa kasonsa ba abu ne mai wuya ba. Suna kuma cewa idan aka wajabta biya manyan ƙasashe ba za su shiga yarjejeniya ba. Amsata ita ce an sassauta musu, kuma duk da haka Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba. Abin da nake gani daidai shi ne ƙasar da ta jefa ta miƙa dukkan bayanan hare-harenta, ta ɗaure kanta da biya na shekaru masu yawa wanda canjin gwamnati ba zai warware ba, kuma kuɗin ya haɗa da jinyar waɗanda suka rasa ƙafa ko ido. Ƙasar da abin ya shafa ita kuma ta ɗauki nauyin tsara aikin, ta buɗe littafin kuɗinta kowa ya duba.

Wannan magana ta shafe mu. A arewacin Chadi har yau akwai nakiyoyin da suka rage daga yaƙin da aka yi da Libiya a shekarun 1980. A Najeriya, sai a 2017, shekara 47 bayan ƙarewar yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya naira biliyan 88, wato biliyan 50 diyya ga waɗanda abin ya shafa, biliyan 38 kuma don kwashe ragowar bama-bamai. A Borno da Yobe da Adamawa kuwa 'yan tayar da ƙayar baya ne ke dasa abubuwan fashewa a hanyoyi da gonaki, kuma babu wata ƙasar waje da za a kai wa takardar neman biya. A nan nauyin yana kan gwamnatin tarayya da na jihohi, kuma ya kamata kuɗin binciken gonaki ya fito a kasafin kuɗi na kowace shekara, a kammala aikin kafin a ce wa 'yan gudun hijira su koma garuruwansu su yi shuka.