Amsoshin Tambayoyinku: Majami'ar 'Yan Poland A Birnin Shikago

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Jos. Ya ce ya ji labarin wata majami'ar Katolika a Amurka wadda a da ake cewa mabiyanta sun kai dubu arba'in, kuma wai baƙi ne daga Poland suka gina ta. Yana so ya san ko gaskiya ne, da kuma abin da ya kai su can.

To malam, gaskiya ne. Sunanta Majami'ar Waliyyi Stanislaus Kostka, tana birnin Shikago a jihar Illinois. An kafa ikilisiyar a 1867, kuma ita ce ta farko ta 'yan Poland a birnin. Sunan da ta ci na wani matashi ne ɗan Poland da ya rasu a birnin Rum a 1568, yana ɗan shekara 17.

Abin da ya kai su Amurka kuwa, sai mun ɗan koma baya. A 1772 da 1793 da 1795, Rasha da Ostiriya da masarautar Farusiya ta Jamusawa suka yanyanka Poland suka raba a tsakaninsu, har sunanta ya ɓace daga taswira, bai dawo ba sai 1918. Ga talauci a ƙauyuka, gona ta yi kaɗan, 'ya'ya sun yi yawa. A ɓangaren da Jamusawa ke mulki kuma, gwamnatin Bismarck ta matsa wa ɗarikar Katolika da harshen mutanen lamba a shekarun 1870. Shikago kuwa tana neman masu ƙarfi a jika a mayanka, da masana'antun ƙarfe, da majemu. Haka manoma suka riƙa tattara komatsansu suna hawa jirgin ruwa.

Mutumin da ya ɗaukaka wannan majami'a shi ne Fada Vincent Barzynski, wanda ya karɓi ragamarta a 1874 ya riƙe har rasuwarsa a 1899. A zamaninsa aka yi babban ginin da ke tsaye har yau, daga 1877 zuwa 1881, da kuɗin leburori. Kuma kada ku ɗauka wurin sujada ne kawai. Akwai makaranta da 'yan sista ke koyar da dubban yara da harshen iyayensu, akwai asusun ajiya da ma'aikaci zai kai ɗan abin da ya samu, akwai ƙungiyoyin taimakon juna masu kama da adashi, waɗanda ke ɗaukar nauyin jana'iza su kuma tallafa wa matar mamaci. Har jarida Fadan ya kafa a 1890, mai suna Dziennik Chicagoski. Wanda ya sauka a birnin ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Turanci, a nan zai samu masauki da labarin inda ake ɗaukar aiki. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙiyasta iyalai kusan 8,000, wato mutum 40,000 ɗin da ka ji.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Garwa, ƙasar Kamaru. Ta ce ta ga hoton wasu manyan majami'u biyu na 'yan Poland a titi ɗaya a Shikago. Me ya sa ba su haɗu a guda ba?

Hajiya ko Madam, domin ba ki faɗa mana ba, kin taɓo inda ke da ƙaiƙayi. Ta biyun ita ce Holy Trinity, a kan titin Noble, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga ta farko. Cunkoso na daga cikin dalilan gina ta a farkon shekarun 1870, amma ainihin rigimar ita ce takardar mallaka. Waɗanda suka tara kuɗin suka ce mu muka saya, sunanmu za a rubuta. Tsarin ɗarikar a Amurka kuwa ya ce dukiyar majami'a tana hannun bishop, kuma bishop-bishop na lokacin galibinsu 'yan asalin Ayalan ne da Jamus. A ƙarƙashin wannan akwai wata taƙaddamar. Ɓangaren Fada Barzynski na ganin addini ne gaba, wanda ba ɗan Katolika ba bai cika ɗan Poland ba. Ɗaya ɓangaren na ganin 'yantar da ƙasa ne gaba, kowa ya shigo. Kowanne ya samu ƙungiyarsa: ta 'yan Katolika a 1873, ta 'yan kishin ƙasa a 1880.

Holy Trinity ta shafe shekaru ana buɗewa ana rufewa, sai a 1893 wakilin Fafaroma, Francesco Satolli, ya sasanta, aka miƙa ta ga wata ƙungiyar limamai da ba ta su Fada Barzynski ba. A ganina waɗannan mutane ba fitina kawai suke nema ba. Wanda aka ƙwace masa ƙasa, in ya gina abu da guminsa a baƙon wuri, ba zai so ya sake ganin takardar a hannun wani ba. A garin Scranton na jihar Pennsylvania ma abin ya fi haka zafi, domin a 1897 Fada Francis Hodur da mabiyansa suka ɓalle, suka kafa ɗarikarsu mai zaman kanta. Sai a 1908 aka naɗa ɗan asalin Poland na farko bishop na ɗarikar Katolika a Amurka, wato Paul Rhode, a Shikago ɗin.

Sai tambaya ta ƙarshe daga Maraɗi, gajeriya: yanzu ina suke?

Sun watse, malam. Dokar shige da fice ta 1924 ta taƙaita shigowar sababbi, jikoki suka koma Turanci, masu hali suka ƙaura bayan gari. A shekarun 1950 aka shata babbar hanyar mota da a yau ake kira Kennedy Expressway, kuma a tsarin farko ta kan majami'ar Stanislaus za ta bi. Jama'a suka tashi tsaye, aka karkata hanyar, har yanzu direbobi na ganin lanƙwasar dab da bangon. Ginin ya tsira, amma gidajen mabiyansa da yawa sun tafi. A 1964 aradu ta faɗa wa ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa biyu. Daga baya 'yan Meksiko da Puerto Rico suka cika unguwar, shi ya sa a yau ake sujada a can da Turanci da Sifaniyanci da kuma harshen Poland. Holy Trinity kuwa, wadda aka sha garƙamewa, ita ce yanzu cibiyar sababbin baƙi daga Poland.

Nan za mu dakata. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.