Lacca: Hawa da Saukar Cinikin Littattafan Dungeons & Dragons

Assalamu alaikum jama'a. Wasan da za mu duba kasuwarsa yau a zaune ake yin sa. Mutum biyar ko shida su kewaye tebur, ɗaya ya ja labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa dayis irin na lido a ga wanda ya dace. Dokokin duk a rubuce suke, saboda haka littafi ne hajar. Ku riƙe wannan tun yanzu: littafin dokoki kowane ɗan wasa na iya saye, amma littafin labari mai jan wasa kaɗai ke buƙatarsa. Kwafi ɗaya ya ishi tebur guda.

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan ta kamfanin TSR a garin Lake Geneva, jihar Wisconsin ta Amurka. Kwafi 1,000 aka buga, dala 10 kowanne, kuma sai da aka kusa shekara kafin su ƙare. A 1977 aka kawo akwatin masu koyo. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace a Jami'ar Michigan State, jaridu suka ɗora wa wasan laifin da ba nasa ba, amma sunan wasan ya shiga gida-gida, ciniki ya yi sama har farkon shekarun 1980.

To, a nan nake so mu daɗe. TSR ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin buga littattafai na Random House don ya raba mata littattafai a shaguna. Da zarar ta aika kaya sai a ba ta kuɗi, ba sai an sayar ba, amma duk abin da ya kwanta za a dawo mata da shi. Kun ga tarkon? Duk lokacin da aljihu ya bushe, sai a ƙara bugawa a tura. A takarda ciniki na tafiya, a shago kuwa kaya na shan ƙura. Ga shi a shekarun 1990 kamfanin ya yi ta ƙirƙiro duniyoyin labari daban-daban, kowacce da nata littattafan, su Ravenloft da Dark Sun da Planescape, masu saye ba su ƙaru ba, rarraba su aka yi. Mai Dark Sun ba ruwansa da littafin Ravenloft, alhali kowanne sai an biya marubuci da mai zane da maɗaba'a. Sai kuma wasan kati na Magic: The Gathering ya fito a 1993 ya janye kuɗin matasa. A ƙarshen 1996 Random House ya dawo da kaya masu ɗimbin yawa, TSR ta kasa biyan maɗaba'a, bugu ya tsaya. A 1997 Wizards of the Coast, kamfanin da ya fitar da Magic, ya saye ta.

A 2000 bugu na uku ya zo da lasisin da ya ba kowa damar rubuta littafi a kan dokokinsa. Kasuwa ta cika maƙil, sannan gyaran da aka yi wa bugu na uku a 2003 ya bar shaguna da tsohon kaya a hannu. Bugu na huɗu na 2008 ya raba kan 'yan wasa, har wani wasa makamancinsa, Pathfinder na kamfanin Paizo, ya sha gabansa a shagunan wasanni wajen 2011.

Bugu na biyar, na 2014, shi ya kama hanyar da ta dace a ganina: littattafai kaɗan a shekara, ƙarfi a kan jawo sabon ɗan wasa. Shirin Critical Role, inda ake yin wasan a gaban kyamara, ya fara a intanet a 2015, mutane suka ga yadda ake wasan da idonsu. Bisa al'ada littafi kan yi cinikinsa a watannin farko ya lafa, amma littafin dokokin 2014 ya yi shekaru yana tafiya.

Yanzu lissafin shago kaɗai ba ya wadatarwa. A 2021 Avatar Legends, wani wasa irin wannan na wani kamfani daban, ya tara sama da dala miliyan 9 a Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, tun kafin a buga shi, a 2022 kuma Hasbro, kamfanin da ya mallaki Wizards of the Coast, ya sayi shafin D&D Beyond, inda ake sayar da littattafan kai tsaye a waya da kwamfuta, kan dala miliyan 146.3. Wannan kuɗin duk bai bi ta kantar mai shago ba.