Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista Daga Kwamitin Adana Takardun Tarihin Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Mai Girma Minista, a madadin wannan kwamiti da dukan masu taya mu aiki don Allah, muna yi maka barka da zuwa, kai da manyan baƙin da suka rufa maka baya. Kishinka ga ilimi sananne ne, kuma shi ya ba mu ƙarfin gwiwar gabatar da kukanmu tun da farko: muna neman ɗaki guda, busasshe, mai sanyi, wanda wutarsa ba ta yankewa, domin mu kwashe kwalayen da ka gani jibge a baranda.

Ranka ya daɗe, na'ura tana lalacewa a sayar da ƙarfenta, amma muddin takardunta suna nan ana iya tayar da ita. Charles Babbage, masanin lissafi ɗan Ingila, ya rasu a 1871 bai ga kammaluwar injin lissafinsa ba, sai dai an adana zane-zanen da ya yi tsakanin 1847 da 1849, kuma da su ne Gidan Tarihin Kimiyya na Landan ya ƙera injin a 1991, ya yi lissafi kamar yadda mai shi ya tsara. Colossus kuwa, kwamfutar da Ingila ta yi amfani da ita wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, an umarci injiniyanta Tommy Flowers ya ƙone zane-zanenta. Da Tony Sale da abokan aikinsa suka tashi sake gina ta a shekarun 1990, sai da suka shafe sama da shekara goma suna aiki da ’yan hotuna, da guntayen zane, da abin da tsofaffin ma'aikata suka iya tunawa.

Muna alfahari da cewa ba mu jira kowa ba. Da kuɗin aljihunmu muka bi ma'aikatan da suka yi ritaya da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, muka karɓo littattafan jagora na harsunan rubuta manhaja FORTRAN da COBOL, da rijistar da masu kula da na'ura suke rubuta aikin kowane dare, da katunan huji masu gurbi 80 da ake shigar wa kwamfuta manhaja da su, da faya-fayan tef. Amma muna da ɓacin rai da ba za mu ɓoye ba. Akwai ofishin da muka rubuta wa wasiƙa sau da dama muna roƙon tsofaffin takardunsa, ba a ba mu amsa ba, ranar da muka je da ƙafarmu toka muka tarar.

Abin da muka ceto ma bai tsira ba tukuna. Takardar firinta tana ja tana karyewa a hannu. Kati idan ya sha laima ya lanƙwashe, na'ura ba ta karanta shi, kuma da yake kowane kati layi ɗaya ne na manhaja, lalacewar kaɗan tana iya ɓata aikin gaba ɗaya. Tef ya fi ba mu tsoro, domin ƙaron da ke riƙe da garin maganaɗisunsa yana tsotsar danshi ya yi danƙo, har sai an gasa shi a hankali kafin a iya karanta shi. Akwai masu cewa mu ɗauki hoton komai mu zubar da na asali. Muna tuna musu faifan Domesday da BBC ta fitar a 1986, wanda kafin ya cika shekara ashirin aka kusa rasa na'urar karanta shi, alhali littafin Domesday na 1086, na ƙidayar filaye da dukiyar Ingila, da aka yi faifan domin tunawa da shi yana nan ana karantawa.

Saboda haka muna roƙon umarni daga ofishinka cewa kada a ƙara ƙone takardun kwamfuta sai masu adana tarihi sun duba su, da kuma na'urar sikana da ƙwararren ma'aikaci guda. Waɗannan za su iya jira, ranka ya daɗe, amma ɗakin ba zai jira ba. Muna roƙonka da babbar murya a ba mu shi kafin tef ɗin da suka rage su bi waɗanda suka riga suka manne. Takardar buƙatar tana hannun sakatarenmu, zai miƙa maka ita idan ka gama zagaya kwalayen.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai gida lafiya.